Kafin ku haska hotunan mutane a bango

Ƙannena maza da mata, akwai wani aiki da kusan kullum a kanku yake faɗawa. Idan za a yi bikin yaye ɗalibai, ko walimar sauka, ko taron sallamar malamin da ya ajiye aiki, sai wani babba ya waiwayo ya ce, "Kai da ka san kan kwamfuta, haɗa mana hotunan nan a haska wa jama'a." Kafin magariba an turo hotuna ɗari uku ta WhatsApp, an ce jibi ake so. Da yawanku kukan zuba su a manhaja yadda suka zo, ku ɗora waƙa, ku ce an gama. Ina so ku ba aikin nauyin da ya fi haka. Wanda aka ba shi an danƙa masa lokacin mutanen da za su zauna su kalla, an kuma danƙa masa mutuncin waɗanda ke cikin hotunan. Danna maɓallai ba wuya, a yini guda ake koya. Inda hankali ke aiki shi ne wane hoto zai shiga, wanne za a bari, kuma wanne zai biyo bayan wanne.

Kakanninku sun san majigi tun zamanin Turawa, lokacin da motar gwamnati kan shigo gari da almuru, a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna fim kan tsafta ko noma. Masu lacca a jami'o'i kuwa suna da tasu na'urar ta hotuna marasa motsi. Wadda ta fi shahara ita ce Carousel ta kamfanin Kodak, wadda ta fito a farkon shekarun 1960, mai faifai zagayayye a ka, inda ake jera ƙananan hotunan fim tamanin, kowane a raminsa. Fim guda bai cika wuce hoto 36 ba, kuma sai an biya kuɗin wanki kafin a ga abin da ya fito. Saboda haka mai nunin ya riga ya yi tunani sau biyu, sa'ad da zai danna kyamara da sa'ad da zai jera faifan. Kodak ya daina ƙera na'urar a 2004, domin kwamfuta ta karɓe aikin. Ita PowerPoint ta fito ne a 1987. Robert Gaskins da Dennis Austin suka ƙirƙiro ta a wani ƙaramin kamfani mai suna Forethought, don kwamfutar Macintosh, kuma a cikin shekarar Microsoft ya saye kamfanin kan dala miliyan 14. Yau wayar da ke aljihunku tana ɗaukar hoto dubu ba ta gaji ba, manhajar kuma ba ta da faifan da zai cika. Tsada da ƙarancin wuri suka tilasta wa mutanen da yin zaɓe. Ku kuwa babu mai tilasta muku, sai dai ku tilasta wa kanku.

Ku fara da lissafi. Mu ce kowane hoto zai tsaya daƙiƙa biyar ko shida don a gane wa ke cikinsa, ina ne, me ake yi. Hoto ɗari uku a daƙiƙa biyar-biyar minti 25 ke nan, a taron da ake jiran jawabin shugaba da rabon kyaututtuka da abinci, ga la'asar tana matsowa. Ba wanda zai kai ƙarshe hankalinsa na kan bangon. Hoto sittin a daƙiƙa shida-shida minti shida ne, kuma a ganina ya ishi yawancin tarukanmu. A birnin Tokyo, a 2003, wasu masu zanen gine-gine biyu, Astrid Klein da Mark Dytham, sun fito da wani tsarin gabatarwa da suka sa wa suna PechaKucha. Hoto ashirin ne, kowane daƙiƙa ashirin, da an cika minti shida da daƙiƙa arba'in mai magana ya sauka. Tsarin ya bazu a birane da yawa na duniya. Ban ce ku bi shi sau da ƙafa ba, amma ku lura cewa masu abin nunawa na gaske su ne suka fara yanka wa kansu iyaka.

Kada ku buɗe manhajar tukuna. Ku buɗe sabuwar folda ku kwafi hotunan a ciki, na asali su zauna inda suke ba a taɓa su ba. Sannan ku bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a faifan shinkafa. A zagayen farko ku fitar da waɗanda suka yi dishi-dishi, da waɗanda aka kama wani ido a rufe ko loma a baki. Zagaye na biyu ya fi ciwo, domin inda aka ɗauki abu ɗaya sau bakwai, guda ɗaya za ku bari. A na uku ku tsaya a kan kowane hoto ku tambayi kanku me ya ƙara a kan na gabansa. Za ku ci karo da wanda kuke so ƙwarai, don ku kuka ɗauka ko don kun yi kyau a ciki, alhali ba shi da aikin yi a labarin. Ku cire shi. Waɗanda suka tsira ku sa musu lamba a farkon suna, 01, 02, 03, da sifili a gaba, domin wasu manhajojin sukan jera 10 da 11 kafin 2.

Akwai wata dubawa da ba a koyarwa a ajin kwamfuta, kuma ita ta fi damuna. A bikin yaye ɗalibai, kowace uwa da ke zauren fuska ɗaya take nema. Ta rufe sana'arta, ta biya kuɗin mota, ta samu kujera can baya tana miƙa wuya ta tsakanin kawunan mutane. Idan hotuna sittin suka wuce, abokanku huɗu sun fito sau goma-goma, 'yarta ba ta fito ko sau ɗaya ba, ba za ta ce da kowa komai ba, amma da abin za ta koma gida. Ku ɗauki jerin sunayen ajin da biro, kuna kallo kuna sa alama. Yaron da ba ya son shiga hoto ku nemo shi a hoton taron aji. Maigadin da ya tsufa a ƙofar makarantar, da masu shara, da mai dafa wa ɗalibai abinci, su ma da su aka yi shekarun nan. Haka a taron dangi. Idan gidan mai ɗakuna ne, ku ƙirga da kyau, kada 'ya'yan ɗaki ɗaya su cika bangon. Kun san irin abin da ƙaramar mantuwa kamar wannan kan haifar a gidajenmu, kuma ba wanda zai yarda mantuwa ce.

Jerin hotuna labari ne, ko ba a furta kalma ba. Mu ɗauki malamin da ake yi wa sallama. Ku buɗe da tsohon hotonsa mara launi yana saurayi a kwalejin horon malamai, sannan ajinsa na farko, sannan shekarun tsakiya, har a iso yau. A kowane zango ku fara da hoton da ya nuna wurin daga nesa, sai wanda ya nuna mutane, sai wanda ya matso kusa, kamar hannunsa riƙe da alli ko jan biro a kan littafin ɗalibi. Hotunan jeri, waɗanda kowa ya tsaya ƙiƙam yana kallon kyamara, idan suka biyo juna sau goma sai ido ya gaji. Ku raba su da hotunan da ake cikin wani aiki. Hoton da ya fi kowane ƙarfi ku ajiye shi kusa da ƙarshe, ku ba shi daƙiƙa goma.

To, yanzu sai manhaja. A PowerPoint ta kwamfuta mai Windows, ƙarƙashin Insert akwai Photo Album. Ku nuna mata foldar, ku zaɓi hotunan gaba ɗaya, ita za ta ba kowane hoto shafinsa cikin ƙiftawar ido, ba sai kun ɗora su ɗaya-ɗaya har dare ya raba ba. Wanda ba shi da kuɗin lasisi kada ya je a sa masa ta sata mai ɗauke da cuta. LibreOffice Impress kyauta ce, halal, tana da irin wannan kundin hotunan, kuma tana buɗe fayil ɗin PowerPoint. Masu kwamfutar Apple suna da Keynote. Kafin ku zuba ko hoto ɗaya, ku tambayi irin allon da za a haska a kai. Tsofaffin majigi da yawa ma'aunin faɗi da tsawon hotonsu 4:3 ne, talabijin na zamani da sababbin majigi 16:9 ne, kuma tun daga fitowar 2013 PowerPoint da 16:9 take buɗewa. Idan kuka canza girman shafi bayan kun gama jeri, sai kun koma kun gyara hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Kada ku ja hoto ta gefe don ya cika shafi. Sau da yawa nakan ga dattijo mai doguwar fuska an mayar da shi mai faɗin kumatu, hularsa ta baje, amarya siririya ta koma gajera mai ƙiba, duk don mai haɗawa ba ya son ganin fili a gefe. Mutum ya san fuskarsa, iyalinsa ma sun sani. Ta kusurwa ake jan hoto, kuma idan kuna shakka ku danne maɓallin Shift kuna ja, tsawo da faɗi za su tafi tare. Hotunan waya da aka ɗauka a tsaye ba za su taɓa cika shafi mai kwance ba. Ku sa biyu gefe da gefe, ko ku bar ɗaya a tsakiya a kan baƙin shafi. Baƙi ko toka mai duhu ya fi kowane ado, domin a bango yakan ɓace, hoton kaɗai ya rage.

Allo mai kyau na yau ɗigo 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, wato kimanin ɗigo miliyan biyu. Kyamarar waya mai megafiksel 12 ta ninka haka kusan sau shida, don haka hoton asali ya wadatar har ya yi saura. Matsalar tana zuwa ne daga hoton da ya yi yawo. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi yadda aka saba, kuma wanda aka ɗauko daga fuskar waya bayan ya bi hannu biyar, a tafin hannu yana da kyau, a bango sai ya farfashe. Ku roƙi mai hoton ya turo shi a matsayin fayil, ko ku je da kebul ku kwafa daga wayarsa. Tsofaffin hotunan takarda, idan babu sikana, ku shimfiɗa su kusa da taga a inuwa, ku kashe fitilar kyamara, ku riƙe wayar daidai saman hoton ba a karkace ba. Idan fayil ya yi nauyi har kwamfuta tana ja da ƙyar, akwai wurin rage nauyin hotuna, Compress Pictures.

A wannan wurin akwai wani ɗan akwati da nake so ku sani, wanda ke share ɓangaren da aka yanke. Idan kuka yanke gefen hoto a PowerPoint, ɓangaren bai tafi ko'ina ba, ɓoye shi kawai aka yi. Duk wanda ya karɓi fayil ɗin zai iya dawo da shi. Idan abin da kuka yanke matar wani ce ba mayafi, ko takardar asibiti a kan tebur, ko lambar mota, to kun raba shi ga duk wanda ya kwafa, kuna zaton kun rufe. Ku sa alama a akwatin kafin fayil ya bar hannunku.

Wannan ya kawo ni ga maganar amana. Hoton da aka ɗauka a ɗakin amarya ranar lalle, mata zalla, kowa ta saki jiki, ba a ɗauke shi don zauren da maza ɗari biyu ke zaune ba. Cewa an turo muku shi bai zama izinin haska shi ba. Ku tambaya. Haka hoton mara lafiya a gadon asibiti, da hoton wanda ya rasu kwanan nan. Wani iyalin za su ji daɗin ganin mahaifinsu a bango, wani kuwa gwauruwar tana zaune a layin gaba, ba a gaya mata ba, sai ta ɗaga kai ta gan shi. Kira ɗaya a waya ya isa ya hana wannan. Ku 'yan ƙungiyoyin taimako kuma, ina roƙonku musamman. Maraya da aka miƙa wa buhun shinkafa, da tsohuwar da aka biya wa kuɗin magani, ba su da bakin cewa a'a a lokacin da ake ɗaukarsu. Ku nuna kayan, ku nuna aikin, ku nuna hannuwa, amma fuskar mabukaci ku sakaya ta, sai in shi ya yarda da zuciya ɗaya. Hoton da kuka ɗauko a intanet shi ma yana da mai shi. A Wikimedia Commons akwai hotuna masu yawa da aka yarda a yi amfani da su, galibi bisa sharaɗin a ambaci wanda ya ɗauka. Kada kuma ku ɗauko hoton ambaliyar wata ƙasa ku rubuta sunan garinku a ƙasansa. Ƙarya ce, ko da manufar ta alheri ce.

Rubutu ya zama kaɗan: suna, wuri, shekara. Ku sa shi da girman da na kujerar ƙarshe zai karanta, kada lambar girman ta gaza 28, fari a kan duhu. Rawaya a kan fari da rana tsaka ba ya ganuwa. Ku tabbatar da sunayen mutane da muƙamansu daga bakin wanda ya sani, domin kuskure a sunan mutum a gaban jama'a yana da zafi. Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin abin lura. Samfuran haruffa na ado da yawa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma, ko harafi ɗaya ya fita dabam da 'yan'uwansa. Noto Sans da Andika suna ɗauke da su. Idan kuma kwamfutar wurin taron ba ta da samfurin da kuka zaɓa, za ta musanya da wani, rubutun ya tarwatse. PowerPoint tana da zaɓin cusa haruffan a cikin fayil ɗin wajen adanawa.

Salon sauya shafi kuwa, manhajar tana da su birjik, mai juyi, mai tarwatsewa, mai naɗewa. Ku ɗauki guda ɗaya mai laushi, wanda hoto ke narkewa cikin na bayansa, ku sa wa duka. Ba'amurken nan mai shirya fina-finan tarihi, Ken Burns, ya riƙe masu kallo sa'o'i da tsofaffin hotuna a shirinsa na yaƙin basasar Amurka a 1990, ta hanyar matsawa a hankali zuwa fuska ɗaya a cikin taro. Irin wannan motsin yana gaya wa ido inda zai duba. Motsin da ba ya yin haka ku bar shi. Sauti ma ya dace da taron, domin abin da ya yi daidai a dina ba zai yi a walimar sauka ba. Idan wani zai yi magana a kan hotunan, ku kashe sautin gaba ɗaya.

Idan ku ne masu maganar, ku fuskanci mutane, kada ku ba su ƙeya kuna karanta bango. Hoto ya fito, ku yi shiru daƙiƙa biyu su gani, sannan ku faɗi abin da hoton bai nuna ba. F5 ke fara nuni. Harafin B yana mayar da allo baƙi idan kuna son idanu su dawo kanku, ku sake danna shi hoton ya dawo. Idan wani ya ce a koma hoto na goma sha biyu, ku buga 12 ku danna Enter. Idan kuma hotunan za su yi ta zagayawa ne yayin da baƙi ke shigowa, ku sa wa kowane shafi daƙiƙoƙinsa, ku zaɓi maimaitawa har sai an danna Esc.

Ranar taro ku riga kowa zuwa. Ku duba ko majigin HDMI yake karɓa ko tsohon VGA, ku tafi da mahaɗin da ya dace. Idan hoto ya ƙi fita a bango, maɓallin Windows tare da P ne ke buɗe zaɓin allo. Ku je kujerar ƙarshe ku zauna ku kalla daga can, ku ga tagar da ke bukatar labule. Ku cika batir, ku san wa ke riƙe da janareta, domin yawancin majigi ba su da batir ko kwamfutarku tana da shi. Ku fitar da aikin kala uku: fayil ɗin kansa, da PDF, da bidiyon MP4 wanda PowerPoint ke iya yi, wanda ko talabijin mai ramin filashi yakan kunna. Ku kashe intanet ɗin kwamfutar, ku rufe WhatsApp da duk wata folda, kada saƙon sirri ya faɗo a bango a gaban surukai.

Bayan an watse akwai sauran aiki. A ƙarƙashin kowane shafi akwai filin rubuta bayani wanda masu kallo ba sa gani. Ku ɗauki kwamfutar ku je wurin tsohuwar gidan ko tsohon malamin, ku buɗe tsofaffin hotunan nan, ku tambaya: wane ne wannan na hagu, wace shekara ce, a wane gari? Ku rubuta amsar nan take a filin, da sunan wanda ya gaya muku. Sau da yawa mutum ɗaya ne ya rage da ya san waɗannan fuskokin. Sannan ku haɗa fayil ɗin da hotunan asali a folda guda mai sunan taron da shekararsa, ku kwafa a wuri biyu dabam, ku kai wa mai taron nasa kwafin a hannu.